Ajin da Na Hana Ka Maimaitawa

Manga,
Ƙasar Zuru.

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji Ya kiyaye hanyarka, Ya tsare ka daga direba mai gaggawa da ramukan titi da mutanen daji, Ya sauke ka lafiya duk inda ƙafarka za ta sauka. Amin.

Na ce wa mamanka ta sa wannan takarda cikin ledar gyaɗar da ta soya maka, ta kuma gaya maka ka buɗe ta a tashar Zuru. Motar Birnin Kebbi ba ta cika da wuri, za ka sami lokaci. Da yarenmu na C'lela na fi iya faɗin abin da ke cikina, amma da Hausa aka koya mini rubutu, sai ka yi haƙuri da ita.

Ka ce mana za ka Birnin Kebbi neman aikin gini wurin abokinka. Iliya, mun sani. Ranar Asabar mamanka tana wanke wandonka ta ciro takarda a aljihu, da hotonka a kai, an aske maka kai ƙwal. Ba ta iya karatu ba, amma matar da ta haifi soja ta kuma rasa shi ba ta bukatar a karanta mata takardar tantance sababbin sojoji. Ta zauna a bakin rijiya har kumfar sabulu ta bushe a hannunta. Ni ma ban ce maka komai ba, don na san halina. In na buɗe baki faɗa zan yi, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba," ka tafi da abinka a ciki. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi. Laifuffukana zan jera maka, don in kana neman wanda ya kai ka bakin wannan mota, ni ne.

Ka san na yi golmo kafin a ba ni mamanka. Damina bakwai ina noma gonar kakanka tare da tsarata, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan, daga fitowar rana har ta yi ja. A cikin shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayata ko na fahimci wani abu. Abin da ake dubawa, ka zo, ka duƙa, ka jure. In damina ta wuce an ƙirga maka ita, ba mai ƙwace ta. Da ta bakwai ta cika aka ba ni matata a gaban jama'a, ba a zaunar da ni an yi mini tambayoyi ba.

Da wannan kan na kalli makaranta. Ranar da na kai ka aji ɗaya hedimasta ya yi mana bayani: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, sannan jami'a. Na ƙirga a yatsuna, goma sha biyu. Na ce a raina, ai golmo ne mai ɗan tsawo. A hanyar komawa gida na ce maka, "Kai ba za ka noma gonar kowa ba. Makaranta ce golmonka." Kana ɗan shekara bakwai, kana ta shafa sabuwar rigarka, ba ka ma ji ni ba. Ni kuwa na riƙe maganar nan har ta hallaka mu.

Daga nan tambaya ɗaya nake maka a ƙarshen kowace shekara: "An ciyar da kai gaba?" Ka ce e, in ce madalla. Ban taɓa buɗe littafinka ba. Ba ka taɓa fashi ba, ko da zazzaɓi sai na kora ka, ina alfahari da haka a coci. Ban san cewa a makarantarku kowa ake ciyarwa gaba ba, wanda ya iya da wanda bai iya ba, don ajin da ke baya ya cika, ana bukatar benci.

Kana aji shida Malam Garba, malaminku mutumin Mahuta, ya biyo ni har gona a kan kekensa. Ka tuna shi, dogo, mai tabarau ɗaure da zare. Ya jingine keken a gindin ɗorawa, ya kira ka, ya ba ka littafin Turanci ya ce ka karanta layi uku. Ka karanta tsaf. Na ji daɗi har na gyara tsayuwa. Sai ya ce ka gaya mana da Hausa abin da ka karanta. Ka kasa. Ya zana lissafin rabawa a ƙasa da tsinke, ka tsuguna kana kallonsa har tururuwa ta bi ta kai.

Ya ce, "Baban Bulus, yaron ga shina da kai, amma an baro shi baya tun aji ukku. Furta baƙi yake, bai san mi baƙin ke cewa ba. Ka bar min shi shekara guda ya maimaita. In ya wuce haka nan, duk abin da anka ɗora bisa zai rushe."

Ka san abin da ya faɗo mini a rai? Audu Mai-takwas. A ƙungiyarmu ta golmo shi kaɗai surukinsa ya ce wa wata damina ba ta shiga lissafi ba, don ya yi lalaci, sai da ya yi takwas. Yau ya haura sittin, har jikokinsa Mai-takwas suke ce masa a bayan ido. Na ga ana kiran ɗana da irin wannan suna. Na ce wa Malam Garba, "Ɗana ya zo kullum ko bai zo ba?" Ya ce ka zo. Na ce, "To shekararsa ta cika. Ba mai ƙwace masa ita." Ban tsaya nan ba. Na ce masa don mu mutanen kan dutse ne shi ya sa yake so ya danne mu, da ɗan garinsu ne da bai faɗi haka ba. Bawan Allahn nan ya dube ni, ya share lissafin da ƙafarsa, ya ɗauki kekensa. Bai hau ba, tura shi ya yi har ya ɓace.

Ɗana, duk inda ka sami kanka, in wani ya ce maka ba ka iya abu ba, kada ka ɗauke shi zagi. Ka ce ya sake nuna maka. Masu ce maka ka iya alhali ba ka iya ba sun fi yawa, don hakan bai ɗauke musu lokaci. Wanda ya tako har gona don ya gaya maka gaskiya, ka ba shi wurin zama da ruwa. Ni ko ruwa ban ba shi ba. Audu Mai-takwas kuwa yana nan da matarsa, gidansa cike, barcinsa yake yi har da minshari.

Kana aji biyu na ƙaramar sakandare aka kira mu a waya a kan yayanka Bulus. Ba sai na maimaita maka ba. Jaka aka kawo mana da takalmi ƙafa biyu, kabarinsa har yau ba mu gani ba. A garin nan kusan kowane gida akwai hoton mai kaki a bango, wasu na raye, wasu ba sa raye, kuma muna faɗin haka da ƙirji a buɗe. Ni ma na faɗa. Amma ranar na rantse a gaban mamanka cewa ɗan da ya rage mini ba zai sa kaki ba. Likita zai zama.

Shi ya sa da ka gama aji uku, aka zo raba ku zuwa ɓangaren kimiyya da na adabi da na kasuwanci, ban tambaye ka ba. Malamar ajinku ta rubuto cewa a sa ka adabi, don a Hausa da tarihi da darasin addini kake da ƙarfi. Gaskiya ta faɗa. Ranar Lahadi in ka tsaya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, tsofaffin mata har share ido suke da gefen zane. Na tambaya wane ɓangare ne ya fi wuya, aka ce kimiyya. Na ce can za ka. A golmo in an shiga gona, saurayin da ya zaɓi gefe mai laushi ya zama abin dariya, ni kuma na ɗauka haka ake zaɓar darasi. Ka ce, "Baba, lissafi ba ya shiga kaina." Na ce da haƙuri zai shiga. Shekara uku ka yi a ɓangaren da malamin kimiyyarsa ɗan bautar ƙasa ne, ya zo wata kaɗan ya tafi, ɗakin gwaje-gwajen kuma zanzaro ne ke gini a cikin kwalabensa. Kwanan baya na buɗe akwatinka na ga littattafan. Rubutu mai kyau, shafi bayan shafi, ka kwafe duk abin da aka sa a allo ba ka bar ko ɗigo ba. Na zauna da su a cinya na yi kuka, don na gane duƙawa ka yi ka jure, kamar yadda na koya maka.

Kada ka zaɓi abu don kawai ya fi wuya. Wuya ba ta biyan kowa lada. Ka duba inda hannunka ke faɗawa da kyau, ka tsaya nan ko da mutane sun raina wurin. In kuma babba ya zaɓa maka abin da ka san ba za ka iya ba, ka faɗa sau biyu, sau uku, kada ka tsaya a sau ɗaya don kunya. Na san ni na hana ka koyon haka.

Laifina na uku ya fi ba ni kunya, don dattijon coci ne ni. Da jarrabawar gama sakandare ta matso, na ji ana cewa sai da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ake maganar jami'a. Na san ba za ka samu ba. Wani ya raɗa mini labarin wata makaranta a can cikin ƙauye inda ake rubuta amsa a allo, mai sa ido kuma ya fita shan iska. Na sayar da ɗan maraƙin nan ja na mai da sunanka can. Ka ce mini, "Baba, wannan ba sata ba ce?" Na ce taimako ne. Na ba ka misali da golmo, cewa in ƙarfin ɗaya ya ƙare, 'yan'uwansa ne ke ƙarasa masa kunyar da yake nomawa, surukin kuma ba ya cewa komai. Na manta cewa wanda aka ƙarasa wa kunya ya iya noma, gajiya kawai ya yi. Sakamako ya fito da kiredit bakwai. Na kai shi coci aka yi godiya, na tsaya a gaba ana tafi. Kai kana bencin baya ka ƙura wa ƙasa ido.

Kada ka karɓi takardar da ta fi ka. Za ta kai ka ɗakin da ba ka da abin faɗa a cikinsa, ta bar ka a tsaye. Wannan ba sai na tsawaita ba, ka fi ni sani.

Sai jarrabawar shiga jami'a. Na raka ka Zuru karo na farko, na tsaya a bakin ƙofa da sauran iyaye. Aka duba yatsanka a na'ura, aka zaunar da kai gaban kwamfuta, abin da ba ka taɓa sa wa hannu ba sai kwana biyu kafin nan a shagon wani yaro. Darussa huɗu, tambayar na kusa da kai daban da taka, ba allo, ba ɗan'uwa mai ƙarasa kunya. Ka fito ka same ni a bakin ƙofa. Ka ce, "Baba, akwai agogo a gefen allon, yana ta gudu, ni kuma ina karanta tambaya ɗaya sau huɗu." Shekara goma sha biyu ba ka yi fashi ba, na'urar nan ba ta tambayi wannan ba. Saƙo ya shigo waya, cikin maki ɗari huɗu ko rabi ba ka kusanta ba.

Na ce ba komai, baɗi sai a ɗora a kan na bana. Nan ma aka yi mini dariya. Ashe ba a ajiye wa kowa makin bara, kowace shekara daga farko ake farawa. Ka sake, ka sake. Shekara uku kana karanta littattafan da tushensu ke aji uku na firamare, inda aka baro ka. Ni kuma ina ce maka ka ƙara ƙoƙari.

Da saƙon bana ya shigo ka miƙa mini wayar, ka ɗauki fartanya. Na bi ka har bakin zaure na ce, "Tsaranka sun gama golmo, wasu da 'ya'ya biyu. Kai me kake da shi? Ba mata, ba jami'a." Ni da na hana ka golmon da bakina. Ni da na zaɓa maka ajin, na zaɓa maka ɓangaren, na saya maka takardar. Ka juyo ka dube ni, ba ka ce ko "To, Baba" ba. Na tabbata a wancan makon ne ka je ka cike takardar soja. In akwai maganar da zan so in haɗiye a duniya, ita ce wannan. Ka yafe mini. In Allah Ya ba ka ɗa, ranar da ya faɗi kada ka yi magana sai ka ci abinci ka kwana.

Ranar Litinin na hau kabu-kabu zuwa Mahuta. Malam Garba ya yi ritaya, ya tsufa, tabarau ɗin ma ya ƙara kauri. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya. Shekara tara rabona da shi, amma ina sallama ya ce, "Baban Bulus. Ina yaron?" Na durƙusa, ni da furfurata, na gaya masa duka, har maraƙin. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi.

Ya ce, "Ka turo shi. Ɗakin zaure na nan ba kowa. Mu koma inda anka baro shi, mu taho sannu. In ya tsaya da ƙahwahunai, sai ya sake jarrabawar sakandare da hannunai, a ɓangaren da ya dace da shi, sannan ta jami'a."

Na ce shekara nawa. Ya ce, "Biyu, wataƙila ukku. Kuma ban yi maka alkawarin jami'a ba. Da shina ɗan sha ukku munka yi wanga aiki, da na yi maka alkawari. Yanzu sai dai mu gwada."

Ba zan ɓoye maka komai ba, na gaji da yi maka ƙarya mai daɗi. Shekarunka ashirin da biyu. Na san bana ce ta ƙarshe da soja za su karɓe ka, in ka bari ta wuce ƙofar ta rufe. Kana iya zama shekara uku a zauren Malam kana koyon abin da yara ke koya, yaran unguwa suna leƙe suna dariya, sannan ka koma gaban kwamfutar nan ta sake kayar da kai. Ko ka ci ma, na ga masu digiri suna kabu-kabu a tashar da kake zaune yanzu. In haka ta faru ka rasa duka biyun, kuma ni ne na sake jawo maka. Ba ni da hujjar da zan ce hanyata ta fi taka. Duk zaɓin da na yi maka a baya ya ɓaci. Abin da na sani kawai, ba ni da ƙarfin karɓar jaka ta biyu, mamanka kuma ba za ta rayu bayanta ba.

In ka wuce, ban yi fushi ba, kuma ba zan bari kowa ya ce ka gudu ba. Sai dai ka riƙe wannan: a can in an koya muku abu ba ka gane ba, ka ɗaga hannu ka ce ba ka gane ba, ko za a sa ka tsallen kwaɗo har yamma. A makaranta shirun da ka yi maki ya ci maka. A can ba maki zai ci ba. Ka riƙa kiran mamanka ranar Lahadi. Kada ka ce mata lafiya lau in ba lafiya ba, tana ganewa.

Na tambayi Malam abin da zan biya. Ya ce shi bai sayar da karatu ba tun yana da ƙarfi, balle yanzu. Na matsa, sai ya yi dariya ya ce gonarsa ce ta fi ƙarfinsa, 'ya'yansa duk suna birni, bara ma ciyawa ce ta cinye rabi. Na ce ya nuna mini. Tana bakin titi, hannun hagu in ka fito daga Zuru, kafin a shiga Mahuta, akwai tsamiya biyu a gefenta. Na ce masa daminar bana tawa ce. Ya ce in yaron bai zo ba fa? Na ce ko bai zo ba. Akwai shekara guda da ya roƙe ni na hana shi, ita zan noma.

Shi ya sa ba ka gan ni da safen nan ba. Mamanka ta ce maka na tafi jana'iza, ni na sa ta. Tun jiya da la'asar na ɗaure tsohuwar garmata ta golmo a bayan babur, wadda ke rataye a rumbu tun kafin a haife ka. Ƙotar ta yi mini nauyi yanzu, bayana kuma ba na da ba ne. Mutanen Manga za su ji, za su sa mini suna, wataƙila ni ma Mai-takwas. Su sa.

Motarku za ta bi ta gaban gonar kafin azahar. Za ka ga wani tsoho a duƙe tsakanin kunyoyi. Ba zan ɗaga kai ba, ba zan ɗaga maka hannu ba, don kada ka sauka saboda kunyar idona, na riga na yi maka irin wannan da yawa. Kunnena dai yana kan titi. Na san ƙarar motar da ta wuce, na kuma san ta wadda ta rage gudu.

Ubangiji Ya sa maka albarka, Ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya tsare ka a mota, Ya tsare ka a ƙasa, Ya tsare ka daga harsashi da zazzaɓi da mugun aboki. Ya ba ka masu gaya maka gaskiya, Ya ba ka kunnen da ubanka bai samu ba. Mamanka na gaishe ka, ta ce ka ci gyaɗar tun ba ta yi sanyi ba. In ka wuce, Allah Ya kai ka lafiya, Ya maido mana da kai da ƙafafunka. In kuwa za ka sauka, ka gaya wa direba tun kafin tsamiyar farko, don gangara ce, ba ya iya tsayawa nan take.

Ni ne mahaifinka,
Bitrus, wanda har yau ake kira Baban Bulus.